Ya Ce Shi da Matarsa Ne, Aka Kwana Ana Casu a Gidana: Amsa ga Mai Gidan Hayar Kwanaki

"Assalamu alaikum. Ina da fulat mai ɗaki biyu a Gwarinpa, da kuɗin sallamata daga aiki na gyara shi, ina ba da shi hayar kwanaki, abin nan da ake ce wa shotlet. Makon jiya wani dillali ya kawo min wani yaro, ya ce shi da matarsa ne, kwana ɗaya za su yi su hau jirgi da safe. Ƙarfe ɗaya na dare maƙwabciyata ta kira ni, wai mutum ya fi talatin a gidan, ga kiɗa ga shisha. Da gari ya waye na tarar an ƙona kujera, an fasa talabijin, wayar yaron a kashe, dillali kuma ya ce shi haɗawa kawai ya yi. Kuɗin ajiyar da na karɓa bai kai rabin ɓarnar ba. Shugabannin rukunin gidajenmu sun ce in aka kuma, za su hana ni sana'ar. In saka kyamara a falo ne? In watsa hoton yaron a Facebook? Ko in haƙura in mayar da gidan hayar shekara?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar miki da alheri, ya huci zuciyarki. Na daɗe ina kula da irin waɗannan gidaje a Abuja da Kaduna, nawa da na mutanen da suka damƙa min amana, kuma ni ma an taɓa tashina da irin wannan kira cikin dare, na san yadda gaban mutum yake faɗuwa. Tambayoyi uku kika yi, kuma ga amsarsu a gajarce: kada ki saka kyamara a cikin gida, kada ki watsa hotonsa, kuma kada ki yanke shawarar barin sana'ar cikin fushi. Amma dukkansu a kan tambaya ɗaya suke zaune, wato ta yaya za ki san wanda kike miƙa wa makulli. A nan zan fi daɗewa, domin fati ba a hana shi ƙarfe ɗaya na dare. Ana hana shi ne tun da rana, kafin makulli ya bar hannunki.

Me ya sa gidanki suka zaɓa

Wanda yake son tara mutum talatin yana da hanya uku. Ya kama zauren taro, wanda yake da tsada kuma ana tashi da wuri. Ya kama ɗakin otal, inda akwai ma'aikaci a bakin ƙofa yana ganin mai shiga da mai fita. Ko ya kama gida irin naki, mai falo da kicin da na'urar sanyaya ɗaki da wuta tsayayya, babu mai tsaye a kansa. In suka yi karo-karo, abin da kowa zai bayar bai taka kara ya karya ba, har da kuɗin ajiyar da kika karɓa. Wannan ki riƙe shi da kyau: tun kafin su zo sun riga sun sallama wannan kuɗin, sun lissafa shi cikin kuɗin hidima. Shi ya sa ƙaramin kuɗin ajiya ba ya tsorata mai niyyar casu.

Matsalar ba ta ƙasarmu kaɗai ba ce. A daren 31 ga Oktoba 2019, a garin Orinda na jihar Kalifoniya a Amurka, an yi harbe-harbe a wani fati da aka shirya a gidan da aka kama ta Airbnb, manhajar da ake kama gidajen hayar kwanaki ta cikinta, mutum biyar suka mutu. Bayan nan kamfanin ya fara yaƙi da gidajen da suka zama matattarar fati. A watan Agusta 2020, lokacin korona, ya haramta fati a duk gidajen da ke kan manhajarsa a duniya, a watan Yuni 2022 kuma ya mayar da haramcin na dindindin. Ya ce a 2021 kaɗai ya dakatar da baƙi sama da 6,600 saboda karya wannan doka. Abin lura shi ne alamomin da na'urarsu take dubawa kafin ta hana mutum kama gida: sabon asusu da ba shi da shaidar masu gidajen baya, kwana ɗaya tak, ƙarshen mako, da kuma mutumin da gidansa yake kusa da gidan da yake son kamawa. Ki duba labarinki. Na tabbata kusan duka suna ciki, sai dai ke ba ki da na'ura, dillali kike da shi.

Dillali, suna, da fuska

Dillalin shotlet ladarsa tana fitowa ne a ranar da baƙo ya biya, ba ranar da ya fita lafiya ba. Saboda haka duk labarin da zai sa ki ce to, shi zai kawo miki: ma'aurata ne, likita ne ya zo taro, 'yan ƙasar waje ne. Wani lokaci ma shi kansa bai taɓa ganin baƙon ba, a wani zauren WhatsApp ya tsinci buƙatar, dillali uku ne a jere kowa ya ɗora nasa. Ba na cewa ki daina hulɗa da su, don rabin baƙina ta hannunsu suke zuwa, kuma akwai na kirki da na shekara ina aiki da su. Abu biyu na canza. Na farko, ladar dillali kashi biyu nake biyanta, rabi in baƙo ya shiga, rabi in ya fita na duba gida. Ranar da na fara haka wasu suka gudu, waɗanda suka tsaya kuwa sai ga shi su da kansu suna tantance min mutane. Na biyu, ko ta hannun wa baƙo ya zo, sai na yi magana da shi da kaina, ta kiran bidiyo, ko na minti biyu ne.

A wannan kira ba tuhuma nake yi ba, gaisuwa ce da tambayoyin da mai masauki yake yi. Me ya kawo ku gari? Ku nawa za ku kwana, in shirya tawul da zanin gado? Akwai masu zuwa gaishe ku? Ƙarfe nawa jirginku? Mai gaskiya amsarsa a bakinsa take, wani ma har ya ƙara miki da labarin da ba ki tambaya ba. Mai shirin fati kuwa tambayoyinsa ne suke tona shi. Ba ya tambayar katifa ko ruwan zafi. Zai tambayi girman falo, mota nawa harabar take ɗauka, ko maigadi yana kwana, ko mai gidan a kusa take zaune, ko akwai kyamara. Da zarar na ji biyu daga cikin waɗannan a bakin mai kwana ɗaya ranar Juma'a ko Asabar, sai in ce masa ƙa'idarmu a ƙarshen mako kwana biyu ne mafi ƙaranci. Yawanci daga nan ba na sake jin ɗuriyarsa.

Sai ƙa'idar da ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: abu uku su zama na mutum ɗaya. Sunan da ke kan katin shaida, ko na ɗan ƙasa mai lambar NIN, ko fasfo, ko lasisin tuƙi. Sunan da ke kan asusun bankin da kuɗi suka fito. Da fuskar da ta zo karɓar makulli. In aka ce yayana ne ya biya, to yayan ya turo nasa katin, ya sa hannu shi ne mai alhaki. Dabarar da aka fi yi mana ita ce a turo mutum mai kamala, ko yarinya mai hijabi har ƙasa, ta karɓi makulli da la'asar, da magariba ta miƙa wa masu abin ta yi tafiyarta. Kuɗi kuma kada ki yarda da hoton rasit ko saƙon alat, ki buɗe manhajar bankinki ki ga sun zauna. Alat na bogi ya cinye masu gidaje da yawa, musamman daren Juma'a da ake fakewa da cewa netwok ne ya riƙe.

Kuɗin ajiya ki ɗaga shi ya kai abin da mutum zai ji zafin rasawa, a ganina kada ya gaza kuɗin kwana ɗaya, kuma ya fi haka ga mai kwana ɗaya a ƙarshen mako. Amma ki riƙa mayar da shi da wuri, cikin kwana ɗaya bayan fita, ba tare da an yi ta binki ba. Masu gidajen da suke cinye kuɗin ajiyar mutane da ƙaryar tabo a tawul su ne suka ɓata mana suna, har baƙin kirki suke ƙin biya.

Duk wannan a rubuce, shafi ɗaya ya isa: sunayen masu kwana, yawan masu ziyara da lokacin da za su fita, ba fati, ba sifika, ba shisha a cikin ɗaki, da cewa wanda ya karya za a nemi ya fita a daren ba tare da mayar da kuɗi ba, kuma ɓarnar da ta wuce kuɗin ajiya bashi ce a kansa. Ni ba lauya ba ne, takardata ma lauya ne ya gyara min ita, ke ma ki kai taki a duba miki sau ɗaya.

Maigadi

A wasiƙarki ba ki ambaci maigadi ba, kuma shi na fi so in ji labarinsa. Mutum talatin ba ta sama suka faɗo ba, ta ƙofa suka shiga, da motocinsu da sifikarsu da tukwanen shisha. Wani ya buɗe musu.

Bari in ba ki nawa labarin. A wani gida da nake kula da shi, wata mata ta kama kwana ɗaya, ta ce ita da ƙanwarta ne. Na tafi gida hankalina kwance. Da asuba na zo na tarar da ledojin abinci jibge a bakin famfo, tankin ruwa ƙaf, mitar wuta da na loda jiya-jiya tana kuka. A falo, gawayin shisha ya faɗi kan kafet ya yi huda uku zagaye kamar an ɗora bakin kofi, labule yana warin hayaƙi mai zaƙi-zaƙi da ya kwana huɗu bai fita ba. Na kira maigadi, dattijo ne mai sallar dare, ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, sun ce 'yan uwanta ne za su gaishe ta su fito. Da na ga sun yi yawa na so in kira ka, ba kuɗi a wayata." Daga baya ya faɗa min da bakinsa cewa sun danƙa masa wani abu a hannu. Na yi fushi, amma da na zauna na yi lissafi, albashinsa ya yi kwana goma bai shiga ba, ban taɓa ba shi sunayen masu kwana ba, ban taɓa gaya masa yana da ikon hana mutum shiga ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Tun daga ranar, maigadina yana da takardar sunaye a hannu kafin baƙo ya iso, da littafin da mai ziyara yake rubuta suna da lokaci, da kati a waya kullum. Na gaya masa a gaban kowa cewa in ya ga sifika ko an fara sauke kujeru da kulolin abinci, ya rufe ƙofa ya kira ni, ko ƙarfe nawa ne, kuma duk daren da ya tare irin wannan akwai tukuici daga aljihuna wanda ya fi abin da za su ba shi. In rukunin gidajenku babbar ƙofa ɗaya gare shi, ki yi wannan tsari da masu gadin can. Wannan ya fi min kowace na'ura amfani.

Maganar kyamara

A waje, e. A bakin ƙofar shiga da wajen ajiye motoci, inda kowa yake ganinta, kuma a rubuta a talla da takardar yarjejeniya cewa tana nan. A ciki kuwa, a'a, ko a falo ne. Wanda ya biya ya shiga, gidan ya zama suturarsa har ya fita. Matar mutum za ta cire mayafi a wannan falon, yara za su fito daga wanka. Addininmu ya hana leƙen asirin mutane, dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 tana ɗaukar hoton mutum a matsayin bayanansa da ba a tattarawa yadda aka ga dama, Airbnb ma ya haramta kyamarar cikin gida gaba ɗaya daga 30 ga Afrilu 2024, ko da an sanar da baƙo. Kuma ranar da baƙo ɗaya ya gano ta ya ɗauka a waya ya watsa, asarar da za ki yi ta fi talabijin goma. Kyamarar bakin ƙofa ta riga ta ba ki abin da kike nema, wato yawan masu shiga.

Akwai wata ƙaramar na'ura mai auna ƙarfin ƙara, irin su Minut, ba ta naɗar magana, in hayaniya ta wuce ƙima na wani lokaci sai ta turo saƙo a waya. Tana da kyau in intanet da wutar gidanki tsayayyu ne, kuma ita ma sai an sanar da baƙo. Amma maƙwabciyar da ta kira ki ta riga ta yi miki wannan aikin kyauta.

In abin ya riga ya faru cikin dare

Kada ki tafi ke kaɗai, kuma kada ki tura samarin gida da sanduna. Mutum talatin da wasunsu ba sa cikin hayyacinsu ba wurin nuna jarumta ba ne. Ki fara kiran wanda ya kama gidan, ki bi da saƙo a rubuce: an karya yarjejeniya, ana so kowa ya fita cikin rabin awa. Maigadi ya hana ƙarin shiga, ya bar ƙofar fita a buɗe. Kada a kulle su a ciki don a tilasta su biya, kada a ƙwace waya ko makullin mota, domin nan take za ki tashi daga wadda aka zalunta ki koma wadda ake ƙara. In ba su fita ba, masu tsaron rukunin gidaje, sannan 'yan sanda. Yana da kyau ki san ofishin 'yan sandan yankinku tun ba a shiga matsala ba, su san akwai gidan baƙi a wannan lamba.

Dalilin da ya sa nake matsa miki kan rubutu da littafin ƙofa ya wuce kujera da kafet. Dokar hukumar NDLEA ta tanadi hukunci ga mai kula da gidan da ya bari ana ajiye ko hada-hadar miyagun ƙwayoyi a ciki. Dokar damfara ta 2006 ma ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ga wanda da saninsa ya bari ana damfara a gidan da yake kula da shi, kuma kin san 'yan yahoo suna son irin gidajenmu. A watan Yuni 2021 a wani shotlet a Lekki ta Legas aka tsinci gawar Usifo Ataga, shugaban tashar Super TV. In irin wannan ta faru, Allah ya kiyaye, tambayar farko da za a yi wa mai gida ita ce wa kika ba, ina shaidarsa. Kwafin katin nan da saƙon da kika tura cikin dare su ne za su nuna ba da yawunki aka yi ba. Sai dai katin mutane amana ne, a adana shi, kada ya yi yawo a wayar ma'aikata.

Yaron nan da kuɗinki

Na fahimci abin da ya sa kike son watsa hotonsa, amma ba zai dawo miki da ko kwabo ba, kuma zai iya jawo miki ƙarar ɓata suna, wanda laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Abuja. Ƙari a kan haka, wataƙila hoton da ke hannunki ma na ɗan aike ne, ba na mai fatin ba. Ga abin da zan yi in ni ne. In ba a gyara ba tukuna, a ɗauki bidiyon ɓarnar ɗaki-ɗaki, a samo rasit ɗin talabijin da ƙiyasin mai gyaran kujera a rubuce. A fitar da bayanin banki mai nuna sunan asusun da ya biya, wannan shi ne zaren da ya fi ƙarfi, don layin waya ana yar da shi, asusun banki kuwa a ɗaure yake da BVN. A tura wa yaron da dillalin takardar neman biya mai adadi da wa'adi. Dillalin nan kada ki sake shi da sauƙi, ya ci lada, ya san ta inda yaron ya fito, kuma yana tsoron sunansa ya ɓaci a wajen sauran masu gidaje. Ki sanar da su a zaurenku abin da ya faru, iya abin da kike da hujjarsa. In wa'adi ya cika, ki kai rahoto wajen 'yan sanda kan ɓarnata dukiya, kuɗin kuma ki bi su ta kotu. Legas ta buɗe kotun ƙananan basussuka a 2018, Kano a 2019, wasu wurare suka biyo baya, an yi su ne don irin wannan bashi, mutum yana iya tsayawa da kansa ba lauya. Ki tambaya a kotun majistare mafi kusa da ke.

Zan gaya miki gaskiya, a irin waɗannan da na bi, wasu an biya duka bayan iyayen yaro sun ji, wasu rabi, wasu kuma na haƙura don wahalar bin ta fi kuɗin. Da ta manhajar Airbnb ya kama, akwai tsarinsu na biyan ɓarna da ake nema cikin kwana 14 da fitar baƙo, amma ba ya shafar cinikin da aka yi a waje, shi ya sa masu mugun nufi suke son a koma WhatsApp a yi musu ragi.

Hayar shekara kuwa tana da nata ciwon kan, mai haya da ya ƙi biya ya ƙi tashi sai an yi watanni a kotu. In kina zaune nesa, ba ki da mai tsaya miki, ba za ki iya amsa waya cikin dare ba, to ita ta fi miki kwanciyar hankali, kuma ba gazawa ba ce. In kuwa za ki iya, akwai hanya ta tsakiya: ki daina kwana ɗaya gaba ɗaya, ki nemi masu mako ko wata, irin masu jinya a Babban Asibitin Ƙasa, da ma'aikatan da aka turo aiki, da iyalan da suka dawo hutu. Ribar kwana ta ragu, amma gidan ya huta.

Ina roƙonki abu ɗaya, kada yaron nan ya sa ki riƙa kallon kowane baƙo a matsayin ɓarawo. Mafi yawan masu zuwa mutanen kirki ne, wasu har shara suke yi kafin su fita. Kuma mu mutane ne masu zumunci, wanda ya zo biki ko jinya dole 'yan uwa su zo gaishe shi, in kika ce ba mai shiga sam, kin kori baƙin da kika fi so. Ni ina barin masu ziyara huɗu a lokaci guda, su fita ƙarfe tara na dare, wanda yake da hidimar da ta fi haka ya faɗa tun farko mu ga ko za ta yiwu. Duk da wannan tsari, bara ma wani ya zille min, sai dai mutum takwas ya shigar kafin maigadi ya rufe ƙofa.

Kafin duk wannan, gobe ki shirya ki je gidan maƙwabciyar nan da ɗan abin hannu, ki yi mata godiya, ki ba ta haƙurin barcin da aka hana yaranta. Daga nan ki wuce wajen shugabannin rukunin da takardar ƙa'idojinki a hannu, ki nuna musu abin da kika canza, ki bar musu lambar da za su same ki ko ƙarfe nawa ne.